Yadda nake raba faifan kwamfuta domin Windows da Linux su zauna tare

Na daɗe ina aiki da kwamfuta ɗaya mai ɗauke da manyan manhajoji biyu, Windows da Linux, kuma abin da na fahimta shi ne gyaruwar wannan aiki ko ɓacinsa tun kafin a fara girka manhaja ta biyu ake yanke shi, wato lokacin da mutum ya zauna yana duba yadda aka yanka faifansa. Girkawar kanta ba ta da wuya. Wuyar tana wajen sanin wane yanki za a taɓa, wane ne kuma ba za a kusance shi ba.

Abin da nake fara dubawa shi ne irin jadawalin da faifan yake amfani da shi wajen lissafa yankunansa. Tsohon tsari, MBR, wanda ya fito tun 1983, yana ajiye komai a cikin bait 512 na farkon faifai, inda 446 daga ciki na umarnin tayar da kwamfuta ne, 64 kuma na jadawalin yankuna. Tun da kowane yanki yana cin bait 16, manyan yankuna huɗu kawai ake iya samu, kuma a faifai na yau da kullum tsarin ba ya iya sarrafa abin da ya wuce kimanin terabait 2. Sabon tsari, GPT, yana ba da damar yankuna har 128 a Windows, yana kuma ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai saboda tsaro. Shi ne ke tafiya tare da UEFI, wato manhajar cikin kwamfuta da ke fara tashi kafin Windows ko Linux, wadda ta maye gurbin tsohuwar BIOS, kuma duk kwamfutar da ta zo da Windows 11 a kan wannan tsari take.

A faifan GPT akwai wani ɗan ƙaramin yanki da ya fi kowanne muhimmanci, wanda ake kira ESP, inda ake ajiye fayilolin tayar da kwamfuta. Idan ka tayar da kwamfuta daga filashin Linux ka buɗe GParted, manhajar duba yankunan faifai da yanka su, galibi za ka gan shi a sahun farko, mai girman megabait 100 ko 260, a tsarin ajiye fayiloli na FAT32. Bayansa akwai wani ɗan yanki na megabait 16 da Windows ta keɓe wa kanta, sai babban yankin Windows mai tsarin NTFS inda fayilolinka suke, sannan a ƙarshe yankin farfaɗo da Windows idan ta sami matsala. A cikin ESP akwai jakar EFI, kuma kowace babbar manhaja tana buɗe tata jakar a ciki ta ajiye fayil ɗin da ke tayar da ita. Ke nan ba a bukatar ƙirƙirar ESP na biyu a faifai ɗaya. Abin da ake so shi ne a nuna wa manhajar girka Linux wanda yake nan, a ce ta ɗora shi a /boot/efi, ba tare da an goge abin da ke ciki ba.

Wannan gargaɗi daga abin da ya same ni ya fito. A karon farko da na raba faifai da hannuna, na zaɓi ESP daidai, amma na sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a yi masa fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinsa, don ina ganin haka ake yi wa duk yankin da za a yi amfani da shi. Linux ta tashi lafiya lau, Windows kuwa ta ɓace daga jerin zaɓi, alhali duk fayilolina suna nan a yankinsu babu abin da ya taɓa su. Sai da na nemo filashin girka Windows, na shiga wurin rubuta umarni, na yi amfani da bcdboot na mayar da jakar da na goge, sannan hankalina ya kwanta. Tun daga ranar, sau biyu nake karanta layin ESP kafin in amince a rubuta wani sauyi a faifai.

Kafin a kai nan ma, akwai shirin da ya kamata a yi a cikin Windows. A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai dabam. Idan BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, yana kunne, a rubuta mabuɗin ceto mai lambobi 48 a takarda, domin sauyi a hanyar tashin kwamfuta yana iya sa a neme shi, kuma in babu shi faifan zai kasance a kulle. Haka nan a kashe tsarin tashi da sauri, wanda Windows ke kira Fast Startup tun daga Windows 8, saboda da shi kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, kuma Linux za ta tarar da yankin NTFS tamkar ana cikin aiki da shi, ta ƙi yin rubutu a kansa. Rage girman yankin Windows kuwa na fi son a yi shi da Disk Management na Windows ɗin kanta, ko da yake wani lokaci takan ƙi ragewa yadda ake so saboda wasu fayilolinta da ba sa gusawa daga inda suke.

A filin da aka samu, ni yankuna biyu nake yi, dukansu a tsarin ajiye fayiloli na Linux mai suna ext4. Na farko na tushen manhaja ne, kuma a ganina gigabait 50 zuwa 60 sun wadatar da yawancin mutane. Sauran filin na /home ne, inda takardu da saituna suke zama, domin idan wata rana na sake girka Linux ko na koma wani nau'inta, yankin tushe kaɗai zan goge. Ban ƙara ware yanki na musamman don tallafa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta ba, tun da fayil ma yana yin wannan aiki, kuma Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta koma amfani da fayil tun 2017.

Saura mai jagorantar tashi, wanda a yawancin nau'o'in Linux GRUB ne, shi ke nuna jerin zaɓi idan an kunna kwamfuta. Sharaɗinsa shi ne a girka manhajojin biyu ta hanya ɗaya. Idan Windows tana kan UEFI, dole a tayar da filashin Linux ta layin da ke ɗauke da sunan UEFI, domin GRUB da aka girka ta tsohuwar hanyar BIOS ba zai iya tayar da Windows ta UEFI ba. Wani lokaci kuma komai yana daidai amma Windows ba ta bayyana a jerin ba, saboda tun daga GRUB 2.06 na 2021 an daina kunna os-prober kai tsaye, wato manhajar da ke nemo sauran tsare-tsaren da ke faifai. Ana gyara wannan da ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a cikin /etc/default/grub, sannan a sabunta jerin.

Idan kuwa wata rana kwamfuta ta zarce zuwa Windows ba tare da nuna GRUB ba, a mafi yawan lokuta jerin fifikon tashi ne ya sauya, Linux tana nan daram a yankinta. Sai a shiga saitunan UEFI a mayar da ita sahun farko, ko a yi hakan da umarnin efibootmgr daga filashin da aka yi girkawa da shi, wanda saboda irin wannan rana nake ajiye nawa ban goge shi ba.