Wasiƙa daga Landan: Lambun Rookery da ke Unguwar Streatham

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Streatham unguwa ce a kudancin Landan, babban titinta na A23 ba ya rabo da motoci da bas-bas dare da rana. Amma in ka hau tudun filin Streatham Common har ƙarshensa, za ka iske lambun da ake kira Rookery, inda ƙarar titi ke gushewa kusan gaba ɗaya. Shiga kyauta ne.

Asalinsa farfajiyar wani babban gida ce. Mutanen unguwa suka haɗa kuɗi suka saye wurin don kada a gina shi, aka buɗe shi ga jama'a a 1913. Yanzu ƙaramar hukumar Lambeth ke da alhakinsa, 'yan sa-kai na taya aiki.

Da yawa kan ɗauka bishiyoyi ne ke tare ƙara. A gaskiya ganye kaɗan yake tarewa. Nisa daga titi ne ke yin aikin, sai katangar bulo, sai kuma gangaren da lambun ya sauka a kai hawa-hawa, ta yadda tudu ya shiga tsakaninka da motoci. Duk mai son kafa irinsa a Kano ko Zinder, da waɗannan zai fara kafin ya sayi dashe ko guda.

Wahalar kula da lambun tana ga ƙasarsa. Yumɓu ce mai nauyi: lokacin sanyi ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe, lokacin zafi ta bushe ta tsage. Maganinta taki na ruɓaɓɓen ganye, a shimfiɗa shi kaurin santimita 5 zuwa 7 lokacin da ƙasa ke da danshi, amma kada ya taɓa gindin shuka, don nan ruɓa ke farawa. Ba a taka fangali in ya jiƙe, ƙasar dannewa take yi iska ta daina shiga.

Akwai ɓangaren da fararen furanni kawai ake shukawa, shi ya fi cin aiki, domin farin fure da zarar ya yanƙwane sai ya koma ruwan ƙasa, dole a riƙa tsinke shi.

Mai niyyar zuwa ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Streatham, ya taka sama. Ana rufe ƙofa kusan faɗuwar rana, a watan Disamba kuwa rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, don haka a yi sammako.

Wassalam.