McLaren ba inji suka canja ba, ku tambayi masu gyaran ƙafa

Ni aikina ƙafar mota ne. Alaimen, balansin, shokozoba, boljoyin, tayarod, bushin, duk abin da ke tsakanin bodi da kwalta namu ne, inji kuwa na maƙwabcina ne ko sifana ba na sa masa. Ƙaramin gareji gare ni a Kano, rami ɗaya, yara biyar, sai wata tsohuwar talabijin da muke kunnawa ranar Lahadi in an tashi. Su yaran ƙwallo suke so amma tunda ni ke sayen man janareto to tseren motoci na Formula 1 ake kallo, wanda bai so ya tafi gidan kallo.

Wanda ya kalli tseren farko na 2023 a Bahrain ya san halin da tawagar McLaren take ciki. Motar direbansu Oscar Piastri tun da wuri ta mutu, shi kuma ɗaya direban nasu Lando Norris sau shida yana shiga gareji ana masa ƙarin iska a wani layi da ke yoyo, ya ƙare na 17, wato na ƙarshe a cikin waɗanda suka kai. Tsere takwas suka yi maki 17 kacal. Sai ga shi a Disamba 2024 a Abu Dhabi sun ɗauki kofin kamfanoni da maki 666, Ferrari na da 652, rabon su da wannan kofi tun 1998. Ranar ƙaramin yarona ya ce "Oga wallahi inji suka canja." Na ce masa kai dai je ka haɗa sifanu, injin Mercedes suke sawa tun 2021, shi ne a motar lokacin da suke ƙarshe shi ne lokacin da suka ci, kuma ita Mercedes ɗin mai injin ta huɗu ta zo a shekarar.

Ai maganar inji ce ma ta taɓa ɓatar da su. Daga 2015 zuwa 2017 suna tare da Honda kullum kuka, injin ba ƙarfi, injin na lalacewa, har direbansu na lokacin Fernando Alonso ya taɓa ihu a rediyo a Japan, a gaban masu injin, cewa injin GP2 ne wannan, wato na ƙananan tsere. Kuma gaskiya injin yana da matsala, amma su sai suka kwanta a kan cewa bodinsu ba kamar shi. 2018 suka koma Renault, asiri ya tonu, tawagar Red Bull da wannan injin dai ta ci tsere huɗu, su ko na uku ba su taɓa zuwa ba duk shekarar.

Abin nan ya taɓa ni ne saboda na yi irinsa. Akwai wani Alhaji mai motocin haya, Sharon guda uku, da yake kawo mana aiki, sai tayar gaba ta riƙa cinyewa ta ciki, wata biyu ta zama sanƙo gefe ɗaya. Ya dawo na ce Alhaji tayar ce jabu. Ya sayi wata mai tsada ta cinye, na ce ramukan hanya ne, direbanka ba ya kaucewa. Na uku na ɗora wa mai sayar da kaya a kasuwa na ce tayarod ɗinsa ba orijina ba ne. Alhaji bai ce min komai ba, ya dai ce "to Malam Allah ya kyauta," ya kai motar wani wuri mai kwamfuta ya dawo min da takardar ya ajiye a kan benci. Ashe daɓen bakin raminmu ne ya zauna gefe ɗaya bayan damina, duk motar da muka auna a karkace muke auna ta, mu ɗaure noti mu ce ta miƙe. Wata nawa muna yi wa mutane haka Allah kaɗai ya sani. Kunyar da na ji ranar har yau in na tuna sai na ji wuyana ya yi zafi.

To su McLaren a ganina abin ya fara juyawa ne da Andrea Stella, injiniya ɗan Italiya da ya yi aiki a Ferrari zamanin shahararren direba Michael Schumacher, aka ba shi shugabancin tawagar a Disamba 2022. Tun ranar da aka buɗe motar 2023 mutumin nan ya faɗa wa 'yan jarida cewa ba su cimma abin da suka sa a gaba ba, a jira gyara. Wa ya taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa ranar talla? A Maris daraktan fasaha James Key ya tafi, maimakon a kawo mutum ɗaya ya hau kujerar sai aka raba aikin uku, Peter Prodromou ya riƙe ɓangaren iska, Neil Houldey ya riƙe zane da haɗawa, aka ɗauko David Sanchez daga Ferrari na uku. Shi Prodromou dama yana gidan shekara da shekaru, hannu kawai aka sakar masa. Ba duka ne ya yi ba fa, Sanchez ya fara aiki Janairu 2024, wata uku ya tafi, amma sauran tsarin ya zauna, ga Rob Marshall da suka ɗauko daga Red Bull.

Farkon Yuli 2023 a Ostiriya suka kawo sabbin kaya, ƙasan motar da gefunanta, motar Norris kaɗai aka sa wa, ya zo na huɗu. Sati ɗaya bayan nan a Silverstone ta Ingila ya zo na biyu har ya ja gaba a zagayen farko, Piastri na huɗu. Nan ne ni nake jin daɗin abin, don a dokar 2022 zuwa 2025 yawancin ƙarfin da ke danne motar da ƙasa daga ƙarƙashinta yake fitowa, iska ce ke wucewa ta wasu hanyoyi a ƙasan tana tsotso motar ta manne da kwalta. In motar ta ɗago kaɗan ƙarfin ya ragu, in ta yi ƙasa da yawa ta fara tsalle, kenan milimita ake magana, kuma ƙafa ce ke riƙe wannan tsayin a kwana da birki. Mu da ake ce wa masu faci ashe aikinmu ne ke ɗaukar kofi.

Mutane suna yawan cewa sabon ramin iskarsu ne ya gyara su, wato inda ake hura wa samfurin mota iska a auna yadda take ratsa ta. Eh ya taimaka, sama da shekara goma suna ɗaukar ƙaramin samfurin mota daga Woking a Ingila zuwa ramin Toyota a Kolon ta Jamus don gwaji, kamar ni ne a ce duk motar da na gyara sai na kai ta Kaduna a auna. Amma nasu na gida sai ƙarshen 2023 ya fara aiki sosai, kayan Ostiriya a tsohon ramin aka gwada su. Haka ni ma, na sayi na'urar alaimen ta hannu daga baya, amma kafin nan sai da na fasa daɓen na sake zuba shi da ma'aunin ruwa, na kuma raba yaran, ɗaya kwancewa da ɗaurewa, ɗaya awo, babban ya duba kafin a sauke jak, in taya ta dawo mun san wanda za a kira. Da kuwa kowa na taɓa komai, ni kuma ina waya.

Akwai kuma dokar kuɗi da ta zo 2021, aka sa wa kowace tawaga iyakar kashe dala miliyan 145 a shekara aka yi ta ragewa, manya ba za su ƙara zuba kuɗi yadda suka ga dama ba, kuma wanda ke ƙasa a tebur ya fi samun lokacin gwaji a ramin iska. Sa'a ma ta shigo, nasarar Norris ta farko a Miami, Mayu 2024, motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in an yi haɗari, ita ce ta fito masa a kan gaɓa, amma bayan ta koma ai Max Verstappen na Red Bull bai kamo shi ba.

A Qatar, Oktoba 2023, suka canja wa Norris taya huɗu a daƙiƙa 1.80, ba a taɓa yin saurin haka ba. Na sa yaran suka kalla ya fi sau goma, mutum uku a kowace taya, mai kwancewa, mai cirewa, mai sawa, ba wanda ke kallon aikin wani. Washegari suka ce sai sun gwada a kan wata Corolla, na riƙe waya ina ƙirga musu, minti shida da wani abu, kuma sai da muka nemi noti ɗaya a cikin kwata. Shi kuwa Alhaji har yanzu Sharon ɗaya kawai yake turo mana, biyun suna can wajen mai kwamfuta.