Bori da kwat da wando a Takayama

Shekaranjiya na dawo daga Japan, har yanzu barcina bai daidaita ba. Abokina ne ya gayyace ni Osaka, inda yake taimakon wani tsohon ɗan mishan a ƙaramin coci. Ranar Lahadi mu goma sha ɗaya ne, har da ni! Kiristocin ƙasar kusan kashi 1 ne cikin 100, alhali ɗan mishan Francis Xavier ya sauka garin Kagoshima tun 1549.

Tsohon ya ce in ina son ganin inda mutanen cocinsa ke komawa, mu tafi garin Takayama. Kuɗin jirgin ƙasa kaɗai sai da ya sa ni zufa, a Zariya ya isa cefanen wata. Can ne hedikwatar wata ƙungiyar addini mai suna Sukyo Mahikari take, ƙaton gini mai rufi ruwan zinariya. Wata dattijuwa ta zaunar da ni, ta ce in rufe ido, ta ɗaga tafin hannunta saitin goshina, wai haske na fita yana wanke duk ruhun da ya maƙale wa mutum, na kaka ko na dabba. Ni da na tashi a Wusasa, Maguzawa na kusa da mu, a raina na ce ai wannan bori ne. Sai dai babu garaya, babu baƙin akuya. Shiga ƙungiyar kwas ne na kwana uku, a rataya maka laya mai suna omitama. Dattijuwar ko kwabo ba ta nema ba, har da rakiya.

A hanyar dawowa tsohon ya ba ni labari. Da farkon zuwansa, duk wanda ya tuba sai ya sa shi fitar da butsudan, akwatin da ake girmama magabata a gida. Wata mata ta fitar, ɗanta ya kwanta ciwo, surukarta ta ce kaka ne ya yi fushi. Daga ranar ba ta sake taka coci ba. Yanzu lokacin Obon, bikin tunawa da magabata a watan Agusta, da tsohon ake zuwa maƙabarta a wanke dutsen kabari, ya yi addu'arsa da sunan Yesu.

Na ce, "Baba, ba za a ce ka gauraya ba?"

Ya ce, "An sha faɗa, ɗana. Amma mai tambayar ina kakarsa take, in na yi shiru, Takayama zai tafi."

Ban gamsu duka ba, amma bakina ya mutu.

Mun kuma yi kwana ɗaya a Tenri, garin wani addini da wata mata, Nakayama Miki, ta kafa a 1838. Manya da yara a durƙushe suna goge daɓen katako da tsumma. Shayinsu babu sukari, na shanye don kunya.