Shok ɗin da na saya sau biyu

Motata Toyota Sienna ce ƙirar 2006, ita ce gonata ita ce shagona. Da asuba nakan ɗauko wa 'yan uwa kwandunan tumatir da buhunan albasa daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege, in rana ta yi kuma in ɗauki duk wanda Allah ya kawo. Duk direban da ya yi damina a Legas ya san wuyar da ƙafar mota ke sha. Ruwa ya shafe rami, ba ka sanin zurfinsa sai taya ta faɗa ta ba ka labari.

A watan Yuni ƙarar ta fara. Ƙwas-ƙwas daga gaba, ɓangaren direba, musamman in ina tafiya a hankali cikin gargada. Na yi sati biyu ina ƙara wa rediyo murya. Da abin ya ishe ni, na tsaya wajen wani yaro bakanike a bakin hanya, ko sunkuyawa bai yi ba ya ce shok ne, wato bututun nan da ke hana mota lilo. Na sayo guda ɗaya rak, ɗan Beljiyam, wato na hannu, baƙi wuluk yana sheƙi kamar yau aka ƙera shi, kuɗinsa kuma bai kai rabin na sabo ba. Har ina yi wa kaina kirarin iya ciniki. Aka ɗaura, na tayar da mota, ramin farko da na shiga ƙwas-ƙwas ɗin ta gaishe ni.

Tsoron gaske a gadar Third Mainland na ji shi. Gadar ta haura kilomita 11, kuma cike take da mahaɗan ƙarfe. Duk wadda na taka sai motar ta yi ta lilo kamar kwalekwale, kafin ta natsu na taka wata. Dab da Oworonshoki wata danfo, bas ɗin haya ta Legas, ta yanko gabana, na danne birki, hancin motar ya yi ƙasa, sitiyari ya fizgi hannuna zuwa hagu. Allah ne kawai ya tsare. Washegari ban je kasuwa ba, na wuce garejin wani dattijo Bakano a Agege wanda aikinsa ke nan, gyaran ƙafa. Kowa Baba yake ce masa.

Baba bai taɓa sifana ba tukuna. Ya ɗora hannu biyu a kan kusurwar motar ya danna da ƙarfinsa ya saki. Ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake, ta sake. “Ka ƙirga?” in ji shi. “Mai lafiya sau ɗaya take tashi ta zauna.” Ya kama hannuna ya shafa a kan tayar gaba, na ji ta ci tudu da kwari, tudu da kwari, kamar an bi ta da cokali. Ya ce alamar taya ce da ke tsalle a kan kwalta maimakon ta manne. Sannan ya sa aka ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza don ya ji ko bol-join (mahaɗin taya da ƙafar mota) ko boris sun saki, ya kama ta dama da hagu don tayirod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya). Duk lafiya. Sai ya miƙa hannu ya kaɗa wani siririn ƙarfe mai kai biyu, linkeji, ya yi ƙwas. Ƙarar da ta hana ni barci ke nan, abin da kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Na ce, “To Baba, shok ɗin fa? Ai kwanan nan na saye shi.”

Ya yi dariya ya goge jikinsa da tsumma. Mai ya jiƙe shi har ƙasa, ƙura ta manne. Ya kankare fentin da bakin sukuddireba, ga ɗan tabon walda kamar ƙwayar gero. An huda shi ne an ɗura masa mai, an toshe, an fesa fenti. “Ɗana, araha ba ta ado,” in ji Baba.

A nan ya warware mini abin da na yi shekaru ina tuƙi ban gane ba. Ni a zatona shok ne ke ɗaukar nauyin mota. Ashe sifirin ne, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke lotsawa ya dawo. Shok aikinsa hana sifirin ɗin ci gaba da rawa: a cikinsa akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi, man na matsewa ta cikinsu, shi ke kashe lilon. Irin na yanzu har da iskar gas a ciki don kada man ya yi kumfa in ya ɗau zafi. In man ya zube, ko roban bakinsa ya mutu, sai ya zama bututu kawai. Kuma mutuwarsa a hankali take, ba lallai ya yi ƙara ba, jikinka na sabawa da lilon har ka ɗauka haka motar take. Taya kuwa in tana tsalle, birki ba ya samun abin kamawa yadda ya kamata.

Kuskurena na biyu shi ne canza gefe ɗaya. Baba ya ce ko da na gaske na samu, shok biyu-biyu ake sa shi, na gaba tare, na baya tare, don kada gefe ɗaya ya riƙe ɗayan ya saki.

Shi ya raka ni kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da kansa, muka ɗauko shok ƙirar kamfanin KYB guda biyu a kwali da linkeji biyu. Duk da haka sai da ya dafa sandar kowanne ya tura ta ciki, ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take dawowa da kanta sannu a hankali, ba tare da ta yi laushi a tsakiya ba.

Wajen ɗaurawa na zauna a kan benci na zuba ido. Shok ɗin gaba na Sienna a cikin sifirin yake, sai an matse sifirin ɗin da abin matsewa kafin a kwance notin sama. Baba ya kori yaransa daga saitinsa, ya ce in ya kuɓuce yana iya fasa wa mutum fuska. Ya duba robobin hannun ƙasa, ƙarfen da ke riƙe taya da jikin mota, ya canza ɗaya da ya tsattsage, amma bai ƙarasa ɗaure notinsa ba sai da aka sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta. Wai in aka ɗaure tana rataye, roban a murɗe zai zauna, ba zai yi kwana ba. Daga nan ya tura ni alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, ya ce kada in kuskura in tsallake. Tayoyin gaba biyu dai sun riga sun tafi, su ma sai da na saya.

Zan tafi ya zagaya baya, ya zura yatsu tsakanin taya da jikin mota, uku suka shiga da ƙyar. Ya tambaye ni buhu nawa nake lodawa. Na rage biyu a lissafin na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce sifirin ɗin baya sun fi ni gaskiya.

Yanzu sawu biyu nake yi maimakon ɗaya. Alhajin da nake kai wa albasa ya yi ta mita kan kuɗin mai, har ya ce zai nemi wani. Ranar Litinin da asuba shi ya fara kirana.