Tashoshin kantiri biyu a gari ɗaya

Tun da na fara tuƙa babbar mota tsakanin jihohin Kentaki da Tenesi a Amurka, rediyo ya zama abokin hirata. Da farko waƙoƙin kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, ba su shiga raina ba. Amma a ƙauyukan nan, in ka murɗa rediyon FM daga lamba 88 zuwa 108, kusan duk inda ka tsaya ko kantiri ne ko wa'azin coci. Sannu a hankali kunnena ya saba, har na fara bambance tasha da tasha.

Akwai wani ƙaramin gari da nake sauke kaya duk mako, yana da tashoshi biyu, dukkansu na kantiri. Ɗaya tsohuwa ce ta AM, hasumiyarta a tsakiyar filin kiwo, shanu na zagaye ta. Ɗayar FM ce, wani kamfani daga birni ya saye ta. Mutanen garin sun rabu biyu a kansu, kowa da tasa.

Faɗan tashoshin biyu ya faro ne daga nisan zango. A Amurka hukumar kula da sadarwa, wato FCC, ce ke yanke wa kowace tasha iyakar ƙarfinta. Ƙaramar FM mai aji A ba ta wuce wat 6,000 da eriya mai tsayin mita 100, alhali babbar mai aji C kan kai wat 100,000. Siginar FM miƙe take tafiya, tudu ɗaya na iya tare ta, shi ya sa kowa ke hanƙoron kafa eriyarsa a kan dutse mafi tsawo. Mai tasha zai kai wa dillalin motoci taswira, ya nuna masa gundumomin da muryarsa ke kaiwa, domin da wannan taswirar ake cinikin talla. Wasu ma sukan nemi izinin matsar da hasumiya kusa da babban birni, su bar garin da aka ba su lasisi dominsa da suna kawai.

Ita AM larurarta daban ce, kuma ita ta fi taɓa ni. Da dare siginarta kan haura sama ta dawo ƙasa can nesa, ta shiga cikin ta wasu. Don haka doka ta tilasta wa ƙananan tashoshi da yawa su rage ƙarfi ko su rufe da faɗuwar rana, a bar wa manya fili. Tashar WSM ta birnin Nashbil a Tenesi, a lamba 650, tana da wat 50,000, ita ce ke watsa shirin waƙoƙin kantiri na Grand Ole Opry tun 1925, kuma da dare na sha kama ta ina nesa ƙwarai da birnin. Ita kuwa ƙaramar tashar garin nan, a watan Disamba rana na faɗuwa tun kafin mutane su tashi daga aiki, sai ka ji muryarta ta nutse cikin shuuu daidai lokacin da kowa ke cikin mota. Abin da ya cece ta shi ne ɗan reshen FM da aka ba ta izini, mai maimaita shirye-shiryenta, wanda doka ba ta bari ya wuce wat 250. Ana kama shi a garin da kewayensa, iyakarsa ke nan.

Tunda ba za ta iya ja da ƙarfi ba, sai ta canja salo. FM na saka sababbin waƙoƙin da ke tashe, ana maimaita su safe da yamma don matasa. AM ta koma tsofaffi, na shekarun 1970 zuwa 1990, waɗanda manoma suka girma da su. Da safe ana karanta farashin shanu da masara, da sanarwar rasuwa, sannan a buɗe layi mutum ya bugo ya ce yana da tsohuwar tarakta ta sayarwa. Daren Juma'a kuma ƙwallon makarantar sakandare, kai tsaye daga fili.

Ban ce FM ɗin ba ta da daɗin ji ba, sautinta tas yake. Sai dai dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, a 2017 kuma aka soke sharaɗin cewa dole tasha ta riƙe situdiyo a yankinta. Yanzu mai gabatarwar da kake ji yana iya kasancewa a wata jiha, ya naɗi muryarsa tun jiya. Ni na gane hakan ne daga yadda yake furta sunan garin, ba kamar yadda 'yan garin ke faɗa ba.

Wani dare a watan Afrilu hadari ya tsare ni a bakin hanya, iska na girgiza motar. FM ta sako gargaɗin guguwa na na'ura, ta koma waƙa. Na murɗa zuwa ɗan reshen nan mai wat 250, sai ga dattijon da ke shirin safe, ya baro gida ya dawo situdiyo. Yana kiran hanyoyi da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin inda bishiya ta faɗi, da cocin da ya buɗe ɗakin ƙarƙashin ƙasa ga masu neman mafaka. Hanyar da nake kai tana cikin waɗanda ya ambata. Na kashe inji, na zauna ina sauraronsa har ya ce guguwar ta wuce gabas.