Ka ba da notis ɗin ajiye aiki, an ce ka tafi yau: ya batun haƙƙinka a Amurka?

A Amurka, wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ba ya samun tallafin rashin aikin yi. Inda gardama take shi ne ka rubuta za ka tafi nan da mako biyu, sai manaja ya ce tattara kayanka yau. Kai ka tafi, ko sallamarka aka yi? Kowace jiha da hukuncinta.

A Kalifoniya, in aka tsayar da kai kafin ranar da ka sa, ba a kuma biya ka albashin sauran kwanakin ba, hukumar EDD, mai kula da tallafin rashin aikin yi a jihar, tana ɗaukar abin a matsayin sallama, kana iya samun tallafi muddin ba wani laifi ka aikata ba. In an biya ka har zuwa ranar, to kai ka ajiye. Tallafin daga dala 40 ne zuwa 450 a mako, na tsawon mako 26 iyaka, kuma ba a biyan makon farko. A Texas kuwa, in notis ɗin bai wuce mako biyu ba, ko an sallame ka da wuri ana lissafa shi ajiye aiki ne.

Shi ya sa nake jan kunne a kan takarda. Rubuta notis, sa ranar tafiya ƙarara, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka na kanka, domin na ofis ana iya rufe shi a take. In aka miƙo maka wata takarda da ta mai da ranar tafiyarka yau, kada ka yi saurin sa hannu. Da hannunka za ka mai da sallama ta koma ajiye aiki.

Albashin ƙarshe fa? A Kalifoniya wanda aka sallama ana biyansa nan take. Wanda ya ba da notis na aƙalla awa 72, ranarsa ta ƙarshe. Wanda bai bayar ba, cikin awa 72. Har da kuɗin hutun da ya tara bai ci ba, amma ban da na rashin lafiya in daban ake lissafa shi. Kamfanin da ya ja ƙafa da gangan zai biya tarar albashin yini a kan kowace rana, har kwana 30, kuma ofishin kwamishinan ƙwadago na jihar ake kai ƙara. A Texas wanda aka sallama ana biyansa cikin kwana shida ne, wanda ya ajiye kuma sai ranar albashi mai zuwa.

Ka nemi tallafin a makon da aikin ya tsaya, domin a Kalifoniya daga Lahadin makon da ka cike fom ake fara lissafi.