In Suga Ya Haura 14, Fitsari Nake Fara Dubawa

A gidanmu na Aboabo, duk ranar da 'yar farina ta kwanta ciwo ta kasa cin abinci, sai an sami mai cewa kar a yi mata allura. A kunne maganar tana kama da hankali: an ce insulin sauke suga yake yi, yarinya ba ta sa komai a baki ba, me za a sauke? Surukata ta faɗa, maƙwabta sun faɗa, har wani mai shagon magani ya taɓa gaya mini haka. Amma a ciwon suga irin nata, wanda likitoci ke kira nau'i na ɗaya, wannan shawarar ce ke kai yara asibiti a sume.

Tun tana shekara tara jikinta ya daina yin insulin. In babu shi, suga sai ya taru a jini ya kasa shiga tsoka, jiki ya zama kamar mai yunwa a bakin rumbun da aka kulle. Daga nan sai ya koma ƙona kitse, hanta ta riƙa fitar da wani abu da ake kira kiton, shi kuwa in ya yi yawa tsami yake sa wa jini. Abin da mutane ba su sani ba, zazzaɓi da kansa yana sa hanta ta zubo suga ko da ba a ci ko loma ba. Ke nan ranar maleriya ko ciwon maƙogwaro, buƙatarta ga insulin ƙaruwa take yi, ba raguwa ba.

A asibitin Komfo Anokye, wanda duk Kumasi ke kira Gee, aka koya mini wannan, aka rubuta mini dokokin a takarda. Tana manne a bayan ƙofar ɗakina. Da na ga mitar auna suga ta nuna sama da 14 (a ma'aunin mmol/L), ko yarinyar na zazzaɓi, ko tana amai, to sai gwajin kiton. Da tsinken fitsari nake yi, don mai auna kiton a jini ya fi ƙarfin aljihun mai sayar da koko. Ka tsoma, ka ƙirga daƙiƙa 15, ka gwada launin da na jikin kwalbar. In bai sauya ba, alhamdulillahi. In ya yi ja-ja, aiki ya samu. In ya koma shuni mai duhu, lamarin ya girma. Masu mitar jini su da lamba suke aiki: ƙasa da 0.6 lafiya lau, daga 1.5 akwai haɗari, sama da 3 kuwa sai asibiti ba shawara. Kwalbar tsinken wata shida take yi bayan an buɗe, shi ya sa nake rubuta ranar buɗewa a murfinta.

Lambar suga ita kaɗai tana ruɗin mutum. Na ga ranar da ta ci waakye da yawa a gidan suna, mita ta nuna 20, amma babu kiton ko kaɗan, tana ta wasanta. Na kuma ga ranar da suga 16 ne kawai, tsinke kuwa ya yi duhu, ta yi laushi. Ta biyun ce mai ban tsoro.

Daren da na fi tunawa damina ce, maleriya ta kama ta. Da magariba mita ta nuna 22. Na sa ta wanke hannu aka sake, don a gidan mai koko yatsa ba ya rabo da sukari, kuma digo ɗaya kan ƙara lamba. Lambar ba ta sauya ba. Tsinke ya nuna kiton matsakaici. Surukata na zaune bakin gado ta ce, "Ke 'yar nan, cikinta wayam, kar ki soka mata abin nan." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, rashinsa ne ya kawo mu nan." Ba ta ƙara magana ba, ta ja carbinta, amma fuskarta ba ta yarda ba.

Takardarmu ta ce a ƙara kashi 10 cikin ɗari na duk insulin ɗin da take yi a yini in kiton matsakaici ne, kashi 20 in ya yi yawa. Lokacin yunit 30 take yi, sai na ja yunit 3. Wannan lissafinta ne, likitanta ya tsara mata, kowa ya nemi nasa a rubuce tun yana da lafiya. Kuma da insulin garai ake yin ƙarin, irin su Actrapid, ba mai gurɓi-gurɓin nan Mixtard da take yi safe da yamma ba. Gidaje da yawa a zango Mixtard kaɗai suke da shi, ranar ciwo su rasa abin ƙari. Ni ba na barin garai ɗin ya ƙare.

Sai ruwa. Suga in ya wuce 10 ƙoda na zubar da shi a fitsari, yana fita yana jan ruwan jiki, shi ya sa ƙishirwa da yawan fitsarin. Ruwan leda nake ba ta, kurɓi-kurɓi ba kwankwaɗa ba, don kar ya taso amai, da ɗan romo mai gishiri. Ban yarda ta tashi yin zirga-zirga don wai suga ya sauka ba. Motsa jiki da kiton a jini ƙara shi yake yi.

Abu mafi wuya shi ne jira. Actrapid sai ya yi kamar rabin awa kafin ya fara aiki, ƙarfinsa kuma sai bayan awa biyu zuwa huɗu. Ka gwada bayan awa ɗaya ka ga 21, zuciya ta ce ƙara. In ka biye mata allurai su haɗu, cikin dare suga ya faɗi warwas. Duk awa biyu nake gwada suga, duk fitsari in tsoma tsinke, in rubuta a littafi. Bayan awa huɗu na ƙara yunit 3. Lokacin da na tashi ɗora tukunyar koko suga ya sauko 11, amma tsinke bai gama washewa ba. A nan na dama mata shayi da sukari. Hajiya ta zaro ido, ɗazu an hana, yanzu an ba da. Dalili shi ne insulin ne ke kashe kiton, kuma ba za ka ci gaba da yin sa ba sai da sugan da zai ci. Da gari ya waye muka je aka gwada maleriya aka ba ta magani, don in ba a kashe tushen ba suga sake hawa zai yi.

Akwai ranar da gida ba ya isa, kuma ba na ciniki da ita. In amai ya maimaita ruwa ya ƙi zama, in ciki na murɗa mata, in numfashi ya zama mai zurfi da sauri, in bakinta na wari irin na ruwan goge farce, in barci na fizgar ta tana amsa magana da ƙyar, ko an ƙara allura sau biyu kiton bai sauka ba, to pragya, keken haya mai ƙafa uku, nake tarewa zuwa asibiti, ko a kira lambar gaggawa 112. Haka in mita ta rubuta HI, wato a irin mitarmu suga ya wuce 33.3. Mun taɓa kwana a Gee a kan haka. Ƙarin ruwa suka fara yi, sannan insulin ta jijiya, da fotasiyam, suna saukewa a hankali. Na ƙagu na tambayi nas me ya sa ba za a yi sauri ba, ta ce, "Mma, a yara gaggawa kan kumbura ƙwaƙwalwa." Wannan ba aikin da uwa za ta yi a ɗakinta ba ne.

Wani lokacin kuma ba ciwo ba ne, insulin ɗin ne ya mutu. Zafin Kumasi da dumsor, wato ɗaukewar wuta, ba sa raga masa. Wanda ba a buɗe ba firij yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace. Wanda aka buɗe kamar sati huɗu yake yi. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, cikin roba mai murfi nake sa shi in ajiye a randar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. In na ga suga ya ƙi jin allura ba dalili, sabuwar kwalba nake buɗewa, in canja wurin sokawa, don inda fata ta yi ƙulli ba ya shan magani.

Yanzu ta girma, rigimarmu ta koma kan azumi. Tana ganin ƙawayenta suna yi, ita ma tana so. Likita da malaminmu bakinsu ɗaya: tana cikin waɗanda aka yi wa rangwame. In ta matsa ta ɗauka, sharaɗin shi ne suga ya wuce 16.6, ko ya faɗo ƙasa da 3.9, ko tsinke ya nuna kiton, ta sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba. Bara ta yi kuka a kan haka, bana ita ta ɗauko mitar da kanta ta kawo mini lissafin yunit in duba mata.